Ranar Da Aka Rufe Asusun Injiniya

Kafin ku fara yanke hukunci a ƙasan rubutun nan, ku bari in gaya muku yadda abin ya faru tun daga tushe. Ni kaina sai da na yanke wa bawan Allah hukunci na kwana uku ban saurare shi ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse don kunya.

Ni ce auta a gidanmu, kuma da haka kowa ke kirana, har a shagon buga takardu inda nake aiki, a layin bankuna. Wanda zan aura mai gyaran waya ne, rumfarsa na can ƙarshen layin namu. Injiniya ake ce masa duk da ko ƙofar ajin injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Dogo ne siriri, mai tabarau ɗaya tilo da ya ɗaure wa ƙafa da siririyar waya, kuma in yana magana sai ka matso kafin ka ji. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki na kai masa, ya gyara ta a yini ɗaya, amma ya yi mako guda yana ce min in dawo gobe akwai sauran aiki. Lokacin da abin nan ya faru saura mako bakwai a ɗaura mana aure, har telata ta yanka leshina ruwan zuma.

Ranar wata Litinin rediyo ya wayi gari da labarin cewa hukuma ta toshe manhajojin cacar ƙwallon nan na ƙasashen waje, waɗanda ba su da lasisi. Aka kuma umarci bankuna su dakatar da duk asusun da ya saba tura musu kuɗi, har sai mai shi ya je ofishin hukumar da takardu ya yi bayani. Kafin azahar layinmu ya cika maƙil. Samari sun yi dogon layi a ƙofar kowane banki, wasu na danna waya kamar in sun matsa da ƙarfi za ta buɗe. Abin da suka bari a cikin manhajar ya tafi ke nan, na banki kuma ga shi ana gani ba ya taɓuwa. Na ga wani ƙato mai sayar da taya ya zauna a bakin kwata ya dafe kai. Mu kuwa kasuwa ta buɗe mana, kowa na son a buga masa bayanan asusu. Ina bugawa ina taɓe baki, ina cewa a raina wa ya aike ku. Da na koma gida na ba Umma labari, cewa ta yi, "Allah ya ƙara," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ashe dariyar tawa ba za ta kwana biyu ba.

Washegari da yamma ina dawowa na ga takalman Gwaggo a ƙofar falo. Gwaggo yayar Baba ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gobe in ta shigo gidanmu Baba ƙasa yake saukowa daga kujera. Ba ta zuwa tsakiyar mako sai da magana. Ta zauna a doguwar kujera da babban mayafinta baƙi mai duwatsu, ƙatuwar jakarta a cinya, shayin da Umma ta kawo mata ya huce ko taɓawa ba ta yi ba.

"Zo nan, amarya," ta ce. "Zauna. Maƙwabciyata ta kai wa angonki waya gyara. Ta tura masa kuɗin aiki sau uku yana dawowa. Kin san me ya sa?"

"Wataƙila matsalar sabis ce, Gwaggo."

"Sabis ɗin gidanku. An rufe masa asusu. Su waye ake rufe wa asusu a makon nan?"

Umma ta saki salati ta dafe ƙirji.

"Yaron nan mai sunkuyar da kai?" ta ce. "Yaron da ko ido ba ya haɗawa da ni?"

"Su ne ai," in ji Gwaggo. "Ni ba zan zuba ido a kai 'yar ƙanena gidan da wata rana za a wayi gari an sayar da katifa ba. Ran Lahadi da hantsi a kira min shi. In ta tabbata, a mayar musu da kayansu. Kai kuma Direba, ka yi shiru kamar ba 'yarka ba?"

Direba take ce wa Baba, saboda shekara talatin ya yi yana jan babbar motar fasinja kafin idonsa ya raunana a sallame shi. Yana zaune a kan darduma, ƙaramin rediyonsa a gefe a kashe. Bai ɗago ba.

"Yadda kika ce, Yaya," ya ce.

Na shige ɗaki na ɗauki waya.

Na rubuta, "Da gaske ne an rufe asusunka?"

"Da gaske ne."

"Saboda caca?"

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can ya turo:

"Asusuna ne, Auta. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Kin ci abinci?"

Jama'a, ku ji min mutum. Aurena na lilo yana tambayata abinci. Nan take na toshe lambarsa, na kifa kai a filo na yi kuka mai isata. Ba rufe asusun ne ya fi ci min rai ba. Abin da ya ƙona ni shi ne ina ganin na san shi ciki da bai, har nakan yi wa ƙawayena gorin cewa nawa ba ya ɓoye min komai. Kwana uku ina zagayawa ta bayan layi don kar in wuce ta gaban rumfarsa.

To, akwai wani abu da muke yi mu masu shagunan buga takardu. In tawadar wani ta ƙare, ko injinsa ya cije takarda, ba ya korar mai aiki. Sai ya turo wa maƙwabci aikin ta waya, a buga, ya zo ya karɓa. Ran Juma'a da safe mai shagon da ke tsallaken titi ya turo min aiki shafi tara, ya ce in taimaka injinsa ya tsaya, mai takardun zai dawo da rana. Na danna ba tare da na duba ba. Shafin farko na fitowa da ɗuminsa na ga sunan Injiniya a sama. Wato tsallaka titi ya yi don kar takardun su biyo ta hannuna, ga shi sun biyo.

Na san ba kyau karanta takardar mutane. Na karanta.

Shafukan farko bayanan banki ne. Na baya kuma hotunan da ya ɗauka ne daga cikin manhajar kafin a toshe ta, jerin wasannin da aka zuba wa kuɗi, don hukumar ta ce a kawo har da su. Na bi su da yatsa. Sau goma sha ɗaya ne, duk ranar Asabar, duk bayan la'asar da 'yan mintuna, duk mafi ƙanƙantar abin da manhajar ke karɓa. Kuma duk sau goma sha ɗayan ƙungiya ɗaya aka zaɓa, wata mai jar riga da ke can ƙasan teburin gasar. Sau ɗaya tak ta yi nasara.

Na ja kujera na zauna.

Injiniya bai san ƙwallo ba. Ba wai bai damu da ita ba ne, bai san ta ba sam. Ya taɓa tambayata, da gaskensa, me ya sa ake barin mutum ɗaya ya kama da hannu sauran kuma a hana su. Mutum ɗaya na sani a duniyar nan da zai bi masu jar rigar nan mako goma sha ɗaya a jere, kusan kullum suna shan kashi, bai gaji ba. Tun kafin a haife ni yake bayansu. In an ci su alƙalin wasa ne, in an sake cin su ruwan sama ne. Kuma duk Asabar bayan la'asar yakan sa hularsa ya ce wa Umma zai ɗan taka ya miƙe ƙafa.

Ban jira mai shagon tsallake ba. Na zuba takardun a ambulan, na yafa mayafina ko madubi ban duba ba, na nufi ƙarshen layi.

Na same shi a sunkuye kan teburinsa, fitilar aiki a kunne, wayoyin mutane jere a gabansa kowace da 'yar takardar suna a manne a bayanta. Ba ya gyara ko ɗaya. Ya rame a kwana ukun nan, rigar da ke jikinsa ma ta ranar Talata ce. Da ya gan ni ya miƙe har gwiwarsa ta bugi teburi.

Na ajiye ambulan ɗin. "Mutum nawa ne ke buga ƙwallo a fili?"

"Auta..."

"Nawa ne?"

Ya gyara tabarau. "Goma sha... biyar?"

Wallahi da kuka na zo, amma dariya ce ta fara ƙwace min, sannan hawayen suka biyo. Ya rasa yadda zai yi da ni, ya jawo min benci ya goge da hannun rigarsa.

"Baba ne," na ce.

"Ban ce ba."

"Ban ce ka ce ba. Gaya min yadda aka yi."

Ya daɗe yana juya ƙaramin sukudireba a hannu kafin ya yi magana. Ya ce wata uku da suka wuce Baba ya kawo masa waya gilashinta ya tsage. Abokan hirarsa ne suka nuna masa manhajar, amma duk kuɗin da ya motsa a asusun fanshonsa a wayar Umma saƙon yake shiga, don ita ke karanta masa saƙonni tun da idon ya yi rauni. Sai ya ce wa Injiniya, yaro, ka taimake ni da naka, zan riƙa ba ka a hannu.

"Kai kuma ka ce to."

"Na ce masa ba kyau, Baba. Ya ce sau ɗaya ne. Auta, ta yaya zan kalli mahaifinki ya tako har rumfata in ce masa a'a?" Ya sauke murya. "Kuma ba kuɗin yake zuwa nema ba. Nan yake zama inda kike, awa guda yana min bayanin wanda ya ji ciwo, da wanda koci ya kamata ya ajiye. Ba na gane komai. Amma da kin ga fuskarsa. Ni ma da laifina, na sani, da na tsaya tun a na farko."

"Yanzu ga shi ko gilashin waya ba ka iya saya."

"Dilan kayan waya ba ya karɓar kuɗi sai ta banki," ya ce, ya kalli jerin wayoyin. "Litinin zan je ofishin. Zan ce ni ne. In tara ce in biya, in gargaɗi ne in sa hannu."

"Lahadi fa? Gwaggo fa?"

"Ni yaro ne, in an zage ni zai wuce. Shi fa? A gaban yayarsa, a gaban Umma? Ki yi min alkawari ba za ki faɗa ba."

Na kalle shi, na ji son sa ya cika min ƙirji har yana min ciwo, na kuma ji kamar in kwaɗa masa ambulan ɗin a ka. Mutumin nan a shirye yake ya rasa ni don kar a ga tsiraicin babana, kuma ko shawarata bai nema ba.

"Ba zan faɗa ba," na ce. "Amma ban yi alkawarin ba zan tambaya ba."

Da yamma na sami Baba shi kaɗai a baranda, Umma ta shiga maƙwabta. Yana kan kujerar roba, rediyon a cinyarsa. Sai a lokacin na lura tun Litinin ban ji muryar rediyon nan a gidan ba. Na durƙusa na ɗora masa kwafin takardun da na sake bugawa a gwiwa.

Ya kai su kusa da ido, ya nisanta su. "Rubutun ya yi ƙanana, Auta. Mene ne?"

Na karɓa na fara karanta masa. Asabar ta farko, masu jar riga, an ci su biyu. Asabar ta biyu, masu jar riga, an ci su ɗaya. Ina kan ta huɗu ya ɗaga hannu.

"Ya isa."

Wata mota ta wuce a titi, ya bi ƙararta da kunne yadda ya saba.

"Shi ya gaya miki?"

"Ya ƙi. Cewa ya yi zai je ya ce shi ne."

Baba ya cire hula ya shafa kansa. Ban taɓa ganin tsufansa kamar ranar ba.

"Shekara talatin," ya ce, "in na shiga tasha ana tasowa. Direba, ya hanya? Direba, gadar can ta gyaru? Yanzu ko gishiri za a saya a gidan nan ba mai tambayata. Ban ce an yi min laifi ba. Sai na ga ga abu ɗaya da har yanzu na sani." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ashe shi ma ban sani ba."

"Baba, ni ina tambayarka abubuwa."

"Kina tambayata ko na sha magani."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na riƙe hannunsa, hannun nan mai kanta da ya riƙa ɗaga ni yana zaunar da ni a kan sitiyari ina 'yar mitsitsiya.

"Ina son shi, Baba," na ce, karo na farko da na taɓa furta haka a gabansa. "Kai ma ina son ka. Ba zan buɗe baki ran Lahadi ba, ko me za a yi."

Ya ninke takardun gida huɗu ya sa a aljihu.

"Je ki, Auta," ya ce.

Asabar ta wuce bai ce komai ba, bai kuma fita miƙe ƙafa ba.

Lahadi da hantsi Injiniya ya zo cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ƙyalli, ya durƙusa a bakin kafet. Gwaggo a doguwar kujera, Umma a gefenta fuska a ɗaure, Baba a kan dardumarsa. Ni ina bayan labulen ƙofar tsakar gida, na cusa gefen mayafi a baki.

"Ba dogon zance na kira ka ba," in ji Gwaggo. "An rufe maka asusu?"

"An rufe, Gwaggo."

"Kuɗin caca ya bi ta ciki?"

"Ya bi."

"Sau nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Umma ta runtse ido. Gwaggo ta gyara zaman jakarta.

"To, ka yi gaskiya, Allah ya yi maka albarka a kan wannan. Amma 'yarmu ba za ta..."

"Yaya."

Baba ne. Ya yi gyaran murya ya sake.

"Yaya, ki bar yaron nan. Ni ne."

Baba ya zaro takardun daga aljihu ya ajiye a gaban yayarsa.

"Ni na je rumfarsa, ni na roƙe shi, ya hana ni na ƙi hanuwa. Tun Talata nake zaune a nan ina jin kuna cin namansa, na kasa buɗe baki. Wannan ya fi cacar muni."

"Baba, ai tare muka..." Injiniya ya fara.

"Yi min shiru, kai da ko sunan mai tsaron gida ba ka sani ba."

Gwaggo ta kalli ƙanenta, ta kalli takardun, ta sake kallonsa. Na zaci za ta ɗaga murya har maƙwabta su ji. Sai ta yi magana a hankali, yadda ban taɓa jin ta yi ba.

"Direba. Da furfurarka."

"Da furfurata, Yaya."

Ta juya kan Injiniya, wanda kansa ya kusa taɓa kafet.

"Kai kuma sakarai. Da ka bari na raba ka da yarinyar nan a kan laifin wannan tsohon?" Ta ja dogon numfashi ta goge ido da bakin mayafi. "Gobe in babba ya ce ka yi abin da ba daidai ba, ka ce a'a, ko ni ce. Ka ji ko? Ranar aure tana nan yadda aka sa ta."

Na zame a bayan labule na zauna daɓas a ƙasa.

Umma ce kaɗai ba ta ce uffan ba. Ta miƙe, ta kwashe kofunan shayi, ta wuce ta gabana kamar ba ta gan ni ba. Ranar haka ta yini. Ta yi girki, ta zuba wa Baba nasa, ta ba ni in kai. In ya shigo falo ta fita, in ya fito baranda ta koma ciki. Shekara talatin da biyar suna tare, ita ke karanta masa kowane saƙo, shi kuma ya zagaye ta ya je wajen yaro. Na san ba kuɗin ke cinta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Litinin da safe Injiniya ya tsaya a ƙofar gida da ambulan ɗinsa. Baba ya ce tare za su je ofishin, shi zai yi bayani da bakinsa ya sa hannu, ko me za a yanke a yanke a kansa. Ya fito cikin babbar rigarsa ruwan toka wadda ba ya sawa sai zuwa muhimmin wuri, ya tsaya a tsakar gida yana gyara hula. Umma na bakin famfo tana ɗauraye kwanuka, ta ba shi baya.

"To, na tafi," ya ce.

Ruwa kawai ke zuba. Ya ɗan jira, ya sunkuyar da kai, ya juya.

"Auta," in ji Umma, ba ta waiwayo ba. "Ce wa babanki in ya je ya faɗi gaskiya duka, kar ya rage. Kuma ce masa in sun gama ya taho min da yaron nan gida, na sa abincin rana da shi."

Taku biyu ne tsakaninsu, amma sai da na juya na maimaita masa, kalma bayan kalma. Ya tsaya ya saurare ni har ƙarshe, idonsa ya cika taf.

"Ce mata na ji," ya ce.